Tarihin Gidajen Masu Sana'a na Birnin Kano Cikin Wasiyya da Littattafan Gado

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa ma'aikata, magada aikin En'e, da ya ke an buga wannan ɗan littafi domin tunawa da waɗanda suka riga mu riƙon alƙalami a ofisoshin Sarki, ya kamata a keɓe wuri ga wani aiki nasu wanda ba a cika ambatonsa ba, watau rubuta wasiyya da rabon gado a zauren alƙali. Muhutai da malaman kotu da suka yi wannan aiki ba su nufi rubuta tarihi ba, raba gardama suka nufa. Amma abin da suka bari shi ne ya adana mana asalin gidajen talakawa masu sana'a, wanda ba ya samuwa a wani littafi.

Masu ba da labari sun ce wani maƙeri ne mai suna Kano ya zo daga Gaya neman tama, ya zauna a gindin Dala, har gari ya ci sunansa. Duk da haka littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya juya da Turanci a 1908, sarakuna ya bi ɗaya bayan ɗaya, tun daga Bagauda har Muhammadu Bello, su 48, da yaƙe-yaƙensu da tsawon mulkinsu. Gidan sarauta yana da maroƙa da makaɗa masu riƙe masa jerin kakanni, gidan malanta yana da silsila a rubuce. Marini fa, ko baduku, ko mahauci? Galibi in an wuce kakan kaka sai suna ya ɓace. Alhali kuwa su ne suka ɗaukaka garin. Bature matafiyi Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarimu, ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta tufafin da a ke saƙawa a rina a fitar kowace shekara sun kai na wuri miliyan 300. Hannuwan da suka yi wannan aiki, sunayensu sai a littafin gado.

Yadda Littafin Ya Samu

Tun zamanin Shehu Usmanu, har ma kafinsa, alƙalai na raba gado bisa mazhabar Maliku, suna duba Risala ta Ibn Abi Zaidi, da Muhtasar na Halilu, da Tuhfa ta Ibn Asimi. Amma yawancin hukunci da baki a ke yankewa, shaidu su riƙe a ka. Bayan da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, aka naɗa Sarki Abbas, sai aka tilasta wa kotuna ajiye littafin shari'a. Da aka kafa Baitulmali kuma, aka yanka wa alƙalai albashi, ushirar da a ke cirewa daga dukiyar mamaci ta koma shiga asusun En'e, ya zama dole a ƙidaya kayan, a yi musu kuɗi, a rubuta. Ashe neman lissafin kuɗin hukuma shi ya jawo aka lissafa turmi da tabarmar talaka.

Da Larabci a ke rubutun, da kwanan watan Hijira. Shekarar 1331 ita ce ta yi daidai da yawancin 1913. Alƙalin birni da alƙalan gunduma su ke raba dukiya, amma rigimar gida da fili a cikin birni sai majalisar Sarki. Wani malami, Allan Christelow, ya zaɓi shari'o'in majalisar Sarki Abbas na 1913 da 1914 ya buga su da Turanci a 1994, duniya ta ga irin abin da ke cikin waɗannan takardu. Kotunan alƙalai sun zauna a hannun En'e har 1968, sa'ad da gwamnatin jiha ta karɓe su, ita En'e kanta kuma aka rushe ta a gyaran ƙananan hukumomi na 1976.

Abin da Ya Sa Ba a Tsallake Kowa

Maroƙi yana iya tsallake kakan da ba a so a ambata. Alƙali ba shi da wannan iko, domin rabon kowane magaji ya rataya ga sanin sauran. Allah ya yanka rabon a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176. Da fari a fitar da kuɗin likkafani da binnewa, sa'an nan bashi, sa'an nan wasiyya, abin da ya saura shi ne gado. Mata tana da rubu'i in miji bai bar ɗa ko jika ta wajen ɗa namiji ba, in ya bari sai tumuni, kuma ko su huɗu ne wannan tumunin za su raba. Uwa tana da sudusi in akwai ɗa. Namiji yana ɗaukar rabon mata biyu. Saboda haka kafin a taɓa ko allura sai an kawo shaidu sun lissafa matan mamaci, da 'ya'yansa maza da mata, da iyayensa, da 'yan'uwansa, an bambanta shaƙiƙi da ɗan uba da ɗan uwa. In wata matar tana da ciki, a dakatad da rabo har ta haihu.

Ku duba fa'idar wannan ga mai neman asali. A bakin mutane ta wajen uba kaɗai a ke jan zuriya, sunan mace kuwa kunya da al'ada sun lulluɓe shi, sai a ce 'yar wane ko uwar wane. A littafin gado dole a ambace ta, domin tana da haƙƙi. Ta nan ne a ke gane gidan marina kaza ya haɗa jini da gidan masaƙa kaza, ko falke ya aurar da 'yarsa ga ɗan fatomansa. Wanda ya sami rabon gado uku na gida ɗaya, na kaka da na uba da na ɗa, ya sami zuriyar shekara sittin ko fiye, maza da mata, da shaidar adilai a kanta.

Mu buga misali da lissafi, ba da nufin wani mutum sananne ba. A ce marini ya rasu, bayan an biya jana'iza da bashi dukiyarsa ta tsaya a wuri 360,000, watau keso 18, da ya ke keso ɗaya wuri 20,000 ne. Ya yi wasiyya da sulusi, an fitar da 120,000, saura 240,000. Ya bar mata ɗaya, da uwa, da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Mata ta ɗauki tumuni, 30,000. Uwa ta ɗauki sudusi, 40,000. Ragowar 170,000 a kasa biyar, kowane kashi 34,000: kowane namiji 68,000, mace 34,000. A takarda lissafi ya fita sarai. To, amma in rabin dukiyar nan rijiyoyin rini ne guda uku a karofi, da gida mai zaure ɗaya? Ba a tsaga rijiya biyar. Ko dai babban ɗa ya riƙe karofi ya biya sauran a hankali, ko a sayar wa maƙwabci, ko magada su yarda a bar gida a dunƙule, ya zama gidan gado. Abin da suka zaɓa a ran nan shi ya kan nuna ko sana'a za ta zauna a gidan ko za ta fita, kuma shi ne amsar tambayar da jikoki ke yi yau, cewa yaya aka yi muka bar rini.

Sulusi, Inda Zuciya Ke Bayyana

Gado hukuncin Allah ne, mamaci ba shi da ta cewa a cikinsa. Wasiyya ita ce tasa. Shari'a ta ba shi iko da sulusin dukiyarsa, bisa ga abin da ya faru ga Sa'adu ɗan Abi Waƙƙasi, wanda ya nemi ya bayar da kashi biyu cikin uku aka hana shi, ya nemi rabi aka hana shi, aka tsayad da shi a sulusi. Kuma ba a yi wa magaji wasiyya, sai in sauran magada sun yarda. Kyautar da mutum ya yi a cikin ciwon ajali ita ma daga sulusi a ke fitar da ita. Yawancin masu sana'a ba su rubuta wasiyya da hannunsu; su kan kira liman ko mai unguwa da wani dattijo su faɗa musu, shaidar adilai biyu ta isa, sai ranar rabo malamin kotu ya sa ta a takarda.

Tun da magaji ba ya shiga sulusi, duk wanda aka ambata a wasiyya mutum ne da jini bai ba shi kome ba, ƙauna ko alkawari ne suka ba shi. Na farkonsu jika maraya, wanda ubansa ya riga kakan rasuwa, domin baffanninsa sun kange shi daga gado. Akwai agola, da ɗan riƙo, da yaron da ya yi shekara goma yana jan zugazugi a maƙera. Akwai malamin da mamaci ke ɗaukar karatu a zaurensa bayan la'asar, da masallacin unguwa, da rijiyar sadaka. In ka ga maƙeri ya bar wa wanda ba ɗansa ba uwar maƙera da masaba da awartaki, ka gane yadda sana'a ta ƙaura daga wannan gida zuwa wancan. An ce kyan ɗa ya gaji ubansa, amma wasiyya ta kan nuna sau da yawa bara ne ya gaji aikin, ɗa ya gaji gidan.

Haka kuma wasiyya ita ke naɗa wasiyyi, wanda zai riƙe dukiyar marayu har su yi hankali. Wanda mutum ya zaɓa domin wannan amana, ko ƙanensa ne, ko surukinsa, ko abokin cinikinsa na kasuwar Kurmi, shi ne wanda ya fi yarda da shi a duniya.

Bashi, Taswirar Ciniki

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Da ya ke ba a raba gado sai an biya shi, jerin masu bin mamaci da waɗanda mamaci ke bi yana cikin littafi, kuma shi ne ke nuna iyakar inda cinikinsa ya kai. Marini ya kan ci bashin baba a wurin manomi, shi kuma yana bin dillali kuɗin rini. Baduku yana karɓar jar fata a wurin majemi kafin ya biya, majemi ya karɓo ɗanya a wurin mahauci, ya sayi bagaruwar jima. Masu turkuɗi na Kura cinikinsu da Buzaye ne, sai ayarin gishiri ya sauko a ke warware lissafi. Fataken goro, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, su kan ɗauki kayan mutane da yawa, kanwa da tufafi, su tafi Gwanja bisa sharaɗin raba riba. Mutum ɗaya in ya mutu a hanya, gidaje goma su zo gaban alƙali.

Sunayen masu bin bashi da na shaidu su kan zo da laƙabin gari ko na unguwa, ga kuma unguwannin birni da sunayensu ke faɗin asalin mazaunansu: Agadasawa, Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Ayagi. Wanda ya ga kakansa na hulɗa da mutanen unguwa ɗaya kaɗai, cikinsu ya yi aure, cikinsu ya sami shaidu, ya sami alamar inda gidansu ya fito, ko da harshen ya daɗe da barin bakinsu.

Akwai wani babi mai ban tausayi, na wanda ya tafi bai komo ba. Falke ya nufi Salaga, aka yi yaƙin basasar garin a 1892, 'yan kasuwa suka watse zuwa wasu zangogi, labarinsa ya yanke. Wani ya tafi Makka a ƙasa, ya tsaya noman auduga a Sudan domin neman guzuri, ya yi aure can. Wani kuma Basasar Kano ta Tukur da Yusufawa, wadda ta tashi a 1893, ita ta fitad da shi. Shari'a ta ce matar wanda ya ɓace ta kai ƙara, a yanka mata shekara 4, sa'an nan ta yi takaba. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai ya kai shekarun da ba a zaton irinsa na raye, wanda mafi shahara a mazhaba shi ne 70 daga haihuwarsa. Irin wannan shari'a ta kan ambaci garin da aka yi masa ganin ƙarshe. Da yawan Hausawan Kumasi da na bakin kogin Nilu danginsu na nan birni, kuma takardar da ke haɗa su tana cikin waɗannan littattafai. Baƙon da ya mutu a zango ba magaji kuwa, dukiyarsa Baitulmali ta ke shiga, nan ma sai an rubuta sunansa da garinsu.

Kaya Su ke Faɗin Zamani

Jerin kayan mamaci madubin zamaninsa ne. A zamanin Barth liyari ɗaya wuri 2,500 ne a Kano. Bayan zuwan Turawa sai fam da sule da kwabo da anini suka ture wuri, sule 20 fam ɗaya, kwabo 12 sule ɗaya, har zuwa 1973 da aka koma naira. Wanda ya mutu ya bar kesunan wuri a lokacin da hukuma ta daina karɓarsu a haraji, magadansa sun gaji hasara.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912. Daga nan goro ya koma biyo teku zuwa Ikko, ya hau jirgi zuwa Arewa, tafiyar da ayari ke yi wata da watanni ta zama ta 'yan kwanaki. A bincika gadon gidan fatake: inda kaka ya bar jakuna da mangaloli da wagar goro, sai a tarar ɗa ya bar sikeli da buhuna da bashin kamfani. Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, shi ne mafi shahara cikin Agalawan da suka juya daga goron Gwanja zuwa gyaɗa suka ci riba. Waɗanda suka juya ba su dace ba, ba mai labarinsu sai alƙali. Haka akoko da atamfa na kanti suka rage wa masaƙi kasuwa, shunin Turawa da Jamusawa suka fara sayarwa a 1897 ya karya darajar baba, keken ɗinki ya shiga gidan maɗinki. Ranar da ƙoshiya ta daina fitowa cikin jerin kayan wani gida, ranar saƙa ta mutu a gidan.

Masifu ma sun bar sawunsu. Yunwar 1914, wadda a ke kira Kakalaba, ta sa mutane sayad da kayan aiki da jinginad da gidaje. Marisuwa ta 1918 ta kan ɗauke uba da ɗa a mako ɗaya, gado ya hau kan gado, sai alƙali ya tabbatad da wanda ya riga mutuwa kafin ya san mai gadon wani.

Sai maganar bayi, wadda ta ke bukatar hankali. A da, bawa dukiya ne a jerin kaya. Dokar 1901 ta 'yanta duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu na shekarar, aka buɗe wa manya ƙofar fansa a gaban alƙali, har aka soke bauta gaba ɗaya a 1936. Ubangiji ya kan yi alkawarin 'yanta bawansa bayan ransa, a fitar da ƙimarsa daga sulusi. Ƙwarƙwarar da ta haihu da ubangijinta tana 'yantuwa da mutuwarsa, ba ta da tumuni, amma ɗanta rabonsa daidai ya ke da na ɗan matar aure. Bayi da yawa sun koyi rini da jima da saƙa suna biyan murgu, suka fanshi kansu, suka kafa gidajen da a ke girmamawa.

Hattara ga Mai Bincike

Kada mai karatu ya ɗauka littafin ya ƙunshi kowa. Gidaje da yawa malamin unguwa su ke kira ya raba musu a zaure, gudun ushira da gudun tonon asiri. Wanda ya je kotu galibi mai rigima ne, ko mai marayu, ko mai bashi da yawa. Wasu magada su kan ɓoye kaya kafin masu ƙidaya su iso. Gonar ƙauye sau da yawa ba ta shiga lissafi, gandu ya kan ci gaba a hannun babban wa bisa al'ada. Sunaye kuma sun yi kama da juna, Muhammadu da Abdullahi sun cika kowane shafi, sai an haɗa suna da sana'a da unguwa da sunan shaidu kafin a tabbata mutum ɗaya ne. Malami mai rubutu da Larabci ya kan fassara laƙabin sana'a, baduku ko marini ya fito da kalmar Larabawa. Saboda haka a gwada abin da aka karanta da littafin haraji, da bakin mai unguwa, da tsofaffin matan gida, gama su ne suka fi kowa riƙe wa ya haifi wa.

Abin da Ya Rage a Wuyanmu

Waɗansu daga cikin takardun En'e sun tsira, suna gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna, da hukumar tarihi da al'adu ta Kano. Waɗansu suna nan a ɗakunan ajiya na tsofaffin kotuna da gidajen alƙalai, gara da zubar damina suna cinsu. Littafi ɗaya in ya lalace, asalin gida ɗari ya tafi, ba kuwa wani kwafi. Duk wanda Allah ya ɗora wa riƙon irin wannan ɗaki, ya ɗaga littattafan daga ƙasa, ya rubuta shekarar kowanne a bayansa, ya sa a ɗauki hotonsu shafi shafi, ya nemi ɗaliban Larabci su juya su da Hausa tun masu iya karanta hannun mutanen da suna raye.

Sa'an nan a tuna abin da ke ciki amana ne. In jika ya zo neman kakansa, a taimake shi da fara'a. Amma bashin wani, ko bautar kakan wani, ko sakin da aka yi a ciwon ajali, ba abin hira ba ne a bakin kasuwa. Malaman da suka rubuta su sun tafi da su kabari ba su faɗa ba. Daga ƙarshe, kowanenmu ya rubuta tasa wasiyya, ya ambaci abin da a ke binsa da abin da ya ke bi, da ajiyar mutane da ke hannunsa, ya sa shaidu biyu, domin ya hutad da marayunsa daga hawa da sauka a ƙofar alƙali.

Allah ya jiƙan alƙalai da muhutai da malaman kotu da suka riga mu, ya jiƙan marina da maƙera da dukawa da fataken da suka rubuta sunayensu, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bar mana. Haza wassalamu.